Yadda ake auna hali da maganar wanda ake zargi a tsohuwar shari'ar kisan kai: misali daga gidan Borden

Mai son nazarin tsohuwar shari'ar kisan kai da ba a gano mai laifi ba yana fara aikinsa da naƙasu guda: ba zai taɓa ganin wanda ake zargi ido da ido ba, ba zai ji muryarsa ba, ba kuma zai iya mayar masa da tambaya ba. Abin da ya rage a hannunsa takardu ne kawai, su ma rubutun waɗansu mutane ne da suka gani ko suka ji, kowannensu da abin da yake so a gaskata. Saboda haka aikin na tantance ruwaya ne, kuma zan bi hanyarsa da shari'a guda wadda takardunta suka wadata, wato kisan Andrew Borden da matarsa Abby a garin Fall River na jihar Massachusetts a Amurka, ranar Alhamis 4 ga Agusta, 1892.

Andrew attajiri ne mai shekara 69, Abby kuwa matarsa ce ta biyu, mai shekara 64. An tarar da gawarsa a kan doguwar kujera a falo da sara 10 ko 11 a ka, ita kuma a ɗakin baƙi da ke bene da sara 18 ko 19. Likitoci sun duba daskarewar jini da sanyin jiki da narkewar abinci a ciki, suka ce Abby ta riga mijinta mutuwa da kimanin awa ɗaya zuwa biyu. Mutum biyu aka san suna gidan a wannan safiya: 'yar autar Andrew mai suna Lizzie, mai shekara 32, da 'yar aiki Bridget Sullivan, 'yar asalin Ireland. Yayar Lizzie, Emma, ta tafi ziyara Fairhaven, kawunsu John Morse kuma ya kwana a gidan amma ya fita tun da safe. An kama Lizzie ranar 11 ga Agusta, aka yi mata shari'a a New Bedford daga 5 zuwa 20 ga Yuni, 1893, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke ta, ba a kuma sake gurfanar da kowa ba.

Ka san takardar da ke hannunka

Kafin ka karanta abin da wanda ake zargi ya faɗa, ka tambayi kowace takarda abu uku: wa ya rubuta ta, yaushe, kuma ta hannun wa ta iso gare ka. Maganar da aka yi bisa rantsuwa, mai saurin rubutu na kotu ya ɗauka, ta fi ƙarfin abin da ɗan sanda ya tuna bayan kwanaki, wannan kuma ya fi labarin jarida, labarin jarida ya fi abin da jikokin maƙwabta suka riƙa faɗa bayan shekara hamsin. Shari'ar Borden ta nuna dalilin wannan jeri a fili. A watan Oktoba na 1892 jaridar Boston Globe ta buga dogon rahoto mai cike da shaidun da suka ce sun ga Lizzie a taga, sun ji ta tana faɗa da mahaifinta, alhali wani ɗan bincike mai zaman kansa mai suna Edwin McHenry ne ya sayar wa wakilinta Henry Trickey ƙagaggen labari, jaridar ta janye shi ta ba da haƙuri. Har yau ana tsintar ɓurɓushin irin waɗannan labarai a rubuce-rubucen da ba su tantance ba.

Ko takardun kotun ma ba daidai suke ba. Jawabin da Lizzie ta yi a zaman binciken musabbabin mutuwa, daga 9 zuwa 11 ga Agusta, ya iso mana ne ta hanyar wata jaridar New Bedford da ta buga shi lokacin shari'ar 1893, na Bridget kuwa ya ɓata, sai guntayen da lauyoyi suka karanto a gaban kotu. Idan ka san haka, ba za ka gina hukunci a kan kalma ɗaya tak ba, domin kalma ɗaya ita ce mafi saurin canzawa tsakanin bakin mai magana da injin ɗab'i.

Zana gidan, ka jera lokuta

Mataki na biyu shi ne ka ajiye maganar wanda ake zargi gefe, ka fara gina abin da bai dogara da ita ba. Ka zana taswirar wurin, ka sa ƙofofi da matakala da tagogi, sannan ka jera lokutan da shaidu masu zaman kansu suka tabbatar. Gidan Borden ƙarami ne, ɗakuna suna buɗewa cikin juna, ƙofar gaba tana da makullai uku, kuma tun bayan wata sata da aka yi a gidan da rana tsaka a 1891 aka saba kulle ɗakunan ciki. Matakalar gaba tana kai wa ne ga ɗakin baƙi da ɗakunan 'yan matan biyu, ta baya kuma ga ɗakin iyayen da na 'yar aiki, ƙofar da ke tsakani a rufe take. Andrew ya dawo gida wajen ƙarfe 10:45, Bridget ta buɗe masa, daga baya ta hau ɗakinta ta kwanta, wajen 11:10 kuma Lizzie ta ƙwala mata kira cewa an kashe mahaifinta.

Wannan jadawali kaɗai ya haifar da tambayar da ta fi kowace nauyi. Idan baƙo ne ya yi kisan, dole ya shigo ba a gan shi ba, ya kashe Abby, ya ɓuya fiye da awa guda a wannan ƙaramin gida da mata biyu ke kai da kawowa, ya sauko ya kashe Andrew, ya fice da makaminsa. Idan kuma Lizzie ce, dole ta share jini daga jikinta da gashinta da tufafinta, ta ɓoye makami, duk cikin mintoci kaɗan, domin maƙwabciyarsu Adelaide Churchill da ƙawarta Alice Russell da likita Seabury Bowen sun zauna kusa da ita jim kaɗan bayan kiran, ba wanda ya ga jini a jikinta. Wani gatari marar ƙota da aka samo a ɗakin ƙasa ma, Farfesa Edward Wood na jami'ar Harvard bai sami jini a kansa ba. Ka rubuta matsalolin ɓangarorin biyu a shafi ɗaya, domin duk fassarar da za ka yi wa wata magana daga baya sai ta ratsa ta tsakaninsu.

Saɓanin magana da yadda ake rarrabe shi

A nan ne aikin yake da yawa, a nan ne kuma aka fi yin kuskure. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma rikicewa ma tana kai mutum ga bango, mai nazari kuwa dole ya iya bambanta su. Hanyar da ta fi amfani ita ce ka ware kowace da'awa ita kaɗai, ka jera duk sigogin da aka ruwaito ta da su bisa tsarin lokaci, ka rubuta wanda aka gaya wa kowace siga, sannan ka duba ko canjin ya zo ne bayan an nuna wa mai maganar wata hujja.

Ɗauki tambayar inda Lizzie take lokacin da mahaifinta ya dawo. A gaban mai gabatar da ƙara Hosea Knowlton ta ce tana kicin tana karanta mujalla, can ta ce tana bene, ko tana saukowa daga matakala, sannan ta koma ta ce a kicin take, ta kuma ce tambayoyin sun yi mata yawa har ta rikice. Bridget kuwa ta ce lokacin da take kokawa da makullin ƙofa ta ji dariyar Lizzie daga saman matakala. Muhimmancin wannan yana cikin taswirar da ka zana: gawar Abby tana kwance a ɗakin baƙi tun kafin lokacin, kuma Adelaide Churchill ta ce ta hango ta ne ta ƙarƙashin gado tun tana kan matakalar, da idonta ya zo daidai da daɓen bene. Saɓanin nan ya faɗo a daidai wurin da gaskiya za ta iya cutar da mai magana, saboda haka yana da nauyi. Kwatanta shi da cewar da ta yi ta taimaka wa mahaifinta ya cire takalmi ya sa silifa, alhali hoton da aka ɗauka ya nuna shi da takalminsa a ƙafa. Wannan kuskure ne a fili, amma bai amfane ta da komai ba, ya fi kama da mutum yana ba da labarin abin da aka saba yi kullum a matsayin abin da ya faru a ranar.

Batun barga ya fi wuya. Lizzie ta ce lokacin da aka kashe mahaifinta tana benen tsohuwar bargar da ke bayan gida, minti ashirin ko talatin, tana neman dalmar da ake ɗaura wa ƙugiyar kamun kifi, tana kuma cin 'ya'yan itace da ta tsinto a tsakar gida. A ranar kisan an ruwaito ta tana cewa ƙarfe ta je nema don gyaran ragar taga. Ɗan sanda William Medley ya ce ya duba ƙurar benen bai ga sawun kowa ba, lauyoyinta kuma suka kawo shaidun da suka ce sun hau wurin kafin shi, suka kawo wani mai tallar askirim, Hyman Lubinsky, wanda ya ce ya ga mace tana tahowa daga wajen barga zuwa gida bayan ƙarfe 11. Abin da ya dace a nan shi ne ka raba da'awar gida biyu. Fitarta tsakar gida tana da mai goyon baya, tsawon zamanta a benen kuwa maganarta ce kaɗai, kuma tsawon zaman shi ne abin da take bukata.

Sai 'yar takardar nan. Lizzie ta gaya wa mahaifinta da Bridget cewa an aiko wa Abby takarda wani ba shi da lafiya, ta fita. Ba a ga takardar ba, ba a sami ɗan aiken ba, marar lafiyar bai bayyana ba, duk da cewa labarin ya game jaridu, 'yan matan kuma sun sa ladan dala 5,000 ga wanda ya taimaka aka kama mai laifi. A ganina wannan ce magana mafi nauyi a duk abin da ta faɗa, saboda an yi ta ne kafin a gano kisan, lokacin da babu firgici ko magani da za a jingina ta da shi, kuma aikinta a bayyane yake: ta hana a nemi Abby a cikin gida. Ka lura da wannan ƙa'ida a kowace shari'a, maganar da aka yi kafin a san an yi laifi ta fi wadda aka yi a gaban mai tuhuma daraja.

Bayan ka jera saɓanin, ka duba halin da aka ɗauki jawabin. An hana Lizzie lauya a zaman binciken, duk da cewa lauyan gidansu Andrew Jennings ya nemi shiga. Magajin gari John Coughlin ya riga ya gaya mata tun ranar Asabar 6 ga Agusta cewa ana zarginta, akwai kuma takardar kamu da aka riga aka sa wa hannu ba a miƙa ba. Likita Bowen ya sa ta kan mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, tun washegarin kisan, ya ninka adadin ranar Asabar, ya kuma amsa a kotu cewa maganin yana iya rikita tunani. Alƙalai uku da suka saurari shari'ar sun ƙi karɓar jawabin a matsayin shaida, domin sun ɗauke ta tamkar wadda ke tsare lokacin da ta yi shi. Mai nazarin tarihi ba a ɗaure yake da wannan hukunci ba, yana da damar karanta jawabin, sai dai ya san cewa mofin zai iya bayyana rikicewar kicin da matakala, ba zai bayyana takardar da aka ambata kwana ɗaya kafin a fara shan shi ba. Kuma ko ka tabbatar mutum ya yi ƙarya, abin da ka tabbatar shi ne yana ɓoye wani abu, wanda zai iya zama laifinsa, ko laifin wani da yake karewa, ko wani abin kunya da bai shafi kisan ba.

Fuska da hawaye

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan aiki fuska ce shaida mafi rauni. 'Yan sanda sun ce Lizzie ta cika natsuwa, ba su ga hawaye ba, ɗaya daga cikinsu, Philip Harrington, ya nuna natsuwar ba ta kwanta masa ba. Da mataimakin shugaban 'yan sanda John Fleet ya kira Abby mahaifiyarta, sai ta gyara masa cewa matar ubanta ce, mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Wanda ya tashi inda ake kiran matar uba da sunan uwa zai ji wannan gyara ya yi tsauri a ranar makoki, kuma mutanen Fall River ma haka suka ji shi. Amma abin da za ka auna da shi shi ne halin mai maganar na yau da kullum. Tun rikicin 1887, lokacin da Andrew ya sayi rabon wani gida don amfanin dangin Abby, Lizzie ta daina kiranta uwa. Gyaran ya tabbatar da tsohuwar rashin jituwa, wadda dama an san da ita, bai ƙara komai a kan wanda ya ɗaga gatari ba.

Shaidar hawayen ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A kotu Bridget ta ce Lizzie ba ta yi kuka ba, sai lauyan Lizzie George Robinson, tsohon gwamnan jihar, ya karanto mata jawabinta na farko inda aka rubuta ta ce tana kuka, ita kuma ta ce ba za ta faɗi haka ba. Maƙwabta mata sun ba da labarin mace a gigice da suka riƙa yi wa fifita, 'yan sanda sun ba da labarin mace mai sanyin ido, duk a rana ɗaya. Da ta suma a kotu lokacin da aka fito da ƙoƙon kan mamatan, masu goyon bayanta suka ce ga rauni na 'ya mace, masu zarginta suka ce wasan kwaikwayo ne. Alamar da za a iya karanta ta kowace fuska ba ta da amfani, ka tsallake ta.

An ga inda irin wannan karatu ya kai a Ingila. A watan Janairu na 1931 aka kashe Julia Wallace a gidanta a Liverpool, aka ga mijinta William Herbert Wallace, ma'aikacin kamfanin inshora, cikin natsuwa a wurin da kuma a kotu, aka yanke masa hukuncin kisa a watan Afrilu, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a watan Mayu saboda shaidar ba ta kai ba. Ko yawan tambayar hanya da ya yi wa masu motar jirgin titi a daren, lokacin da yake neman adireshin da babu shi, an fassara shi a matsayin shirya alibi da gangan, wato hujjar cewa yana wani wuri lokacin kisan, alhali haka wanda ya ɓata da gaske zai yi.

Ayyuka sun fi yanayi

Abin da mutum ya aikata da hannunsa ya fi abin da aka gani a fuskarsa, amma shi ma sai an yi masa tambaya ɗaya: me marar laifi zai yi a wannan hali, me kuma mai laifi zai yi? Ranar Lahadi 7 ga Agusta Alice Russell ta ga Lizzie tana yayyaga wata riga tana sawa a murhun kicin, ta ce fenti ne ya ɓata ta. Emma ta shaida cewa ita ce ta ce a ƙone ta, mai ɗinkin rigar ma ta tabbatar da batun fenti. A gefe guda, da rana aka yi, a gaban mutane, 'yan sanda suna tsakar gida, abin da bai yi kama da ɓoye shaida ba. A ɗaya gefen, an yi shi ne washegarin da aka gaya mata ana zarginta, kuma jami'an da suka binciki tufafin gidan sun ce ba su ga riga mai fenti ba. Ina ba wannan matsakaicin nauyi. Ka kuma lura da mai ba da labarin: Alice ƙawa ce da ta yi shiru a zaman farko, sai daga baya ta faɗa, aka tuhumi Lizzie a hukumance ranar 2 ga Disamba. Shaidar da ta fito daga bakin wanda faɗinta ya yi masa ciwo tana da ƙarfi.

Haka za ka bi da Eli Bence, ma'aikacin kantin magani da ya ce Lizzie ta nemi sayen guba mai suna furusik asid ana gobe kisan, ta ce za ta tsabtace mayafin fata, ya hana ta. Ita ta musa, kotu ta ƙi sauraron shaidar, binciken cikin mamatan kuma bai nuna guba ba. A daren ranar ta ziyarci Alice ta ce tana jin wani abu zai faru, mahaifinta yana da maƙiya. Ana iya cewa share fage take yi, amma ka tuna mutanen gidan sun kwana suna amai, Abby da kanta ta je wurin likita Bowen tana tsoron an sa musu guba, don haka tsoron ba na Lizzie kaɗai ba ne.

Ma'auni ɗaya ga kowa

Duk ma'aunin da ka ɗora wa wanda ake zargi, ka ɗora shi a kan sauran, in ba haka ba zato ne kake yi wa ado. John Morse ya dawo gidan bayan kisan, ya zarce tsakar gida yana cin 'ya'yan itace kafin ya shiga ciki, halin da za a kira baƙo da Lizzie ce ta yi shi, amma dangin da ya ziyarta a safiyar sun tabbatar yana wurinsu, wannan ya kashe maganar. Bridget tana gidan, ba ta da lafiya, an sa ta wankin tagogi, kusan rabin abin da aka sani game da motsin Lizzie daga bakinta ya fito, ita kuma baƙuwa ce 'yar aiki a garin da ake saurin zargin baƙi, tana da dalilin taka-tsantsan da kowace kalma. Ka kuma yi la'akari da cewa matsayin Lizzie na mai koyarwa a makarantar Lahadi ta coci, 'yar babban gida, ya yi mata aiki a gaban maza 12 da suka yanke hukunci, kamar yadda rashin kukanta ya yi mata illa a wurin 'yan sanda.

Abin da ya biyo bayan shari'a kuwa ka ware shi daban. Lizzie ta sayi babban gida a unguwar masu kuɗi ta sa masa suna Maplecroft, an zarge ta da ɗaukar kaya a wani kanti a Providence a 1897, Emma ta bar gidan a 1905, Lizzie ta rasu ranar 1 ga Yuni, 1927, Emma ta bi ta bayan kwana tara. Duk waɗannan suna faɗin wani abu game da rayuwarta, ba sa faɗin inda take tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safiyar 4 ga Agusta. Wanda yake son zurfafawa ya nemi cikakken rubutun shari'ar 1893 da na zaman share fage da aka yi a ƙarshen Agusta na 1892, ya gwada amsoshin kowane shaida a wuraren biyu. Ƙungiyar tarihi ta Fall River ta buga wasiƙun Knowlton, tana kuma riƙe da littattafan da Jennings ya riƙa rubuta bayanan shari'ar a ciki, fayil ɗin Robinson kuwa yana hannun ofishin lauyoyin da ya gaje shi a Springfield, wanda ya ƙi buɗe shi bisa hujjar sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa.